Kwamfutata Tana Aiki a Shagon Nicholas, Tana Mutuwa a Ofishina

Assalamu alaikum Hajiya Zakiyya. Don girman Allah ki taimaka mini, kuma ki taimaka kafin Asabar mai zuwa, don idan ta wuce shawararki ba ta da sauran amfani a wurina. Ni ba mai rubuto wa jarida ba ne, kuma gaskiya ban taɓa zaton zan kawo kukana gaban mace a kan maganar na'ura ba. Matata Hafsah ce ta ce kin karanci injiniyancin kwamfuta kafin ki shiga aikin jarida, kuma ba kya rufa-rufa. To ga ni na zo. Raina a ɓace yake, idan kin ji magana ta fito da zafi ki yi haƙuri, ba da ke nake ba.

Ni mai zanen gini ne. Ofishina yana hawa na ɗaya a wata filaza a Dei-Dei, daf da kasuwar kayan gini. Masu filaye da 'yan kwangila suna kawo mini aiki, in zana musu gida, in fitar musu da hotonsa a kwamfuta har da fenti da tagogi da motar maigida a tsakar gida, su gani kafin a aza bulo ko ɗaya. Wannan fitar da hoton shi ne mai cin ƙarfin na'ura. Bara na sayi sabuwar kwamfutar tebur, irin wadda kamfani ke haɗowa a rufe da tambarinsa, ba haɗin kasuwa ba. Da farko lafiya lau. Da aiki ya ƙaru sai ta fara jan ƙafa, hoton da ya kamata ya fito kafin in gama shan shayi sai ya kai ni azahar, fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa.

A nan Nicholas ya shigo. Shagonsa yana ƙasa da ofishina, gyaran kwamfuta yake yi, mutumin Kafanchan ne. Shekara goma sha huɗu muna tare a filazar nan, tun ana kwasar ruwa da bokiti idan an yi ruwan sama. Ba zan ɓoye ba, da mutumin kirki na ɗauke shi. Idan na sauka sallah shi nake bar wa makullin ofis. Lokacin da mahaifiyata ta rasu na yi kwana arba'in a Funtuwa, shi ya riƙe mini wurin. Matarsa Justina, mai sayar da abinci a bakin get, duk azumi sai ta dama mini kunun gyaɗa daban na buɗa-baki. Na faɗi waɗannan ne don ki san girman cin amanar, ba don ina yabonsa ba.

Da ya duba kwamfutar sai ya ce abu biyu ne ke damunta. Ram ɗinta ya yi kaɗan, wato 'yan siraran allunan nan da na'ura ke shimfiɗa aiki a kansu lokacin da take yi, guda ɗaya tal kamfanin ya sa mata mai giga takwas. Na biyu kuma fankar da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ƙarama ce, irin ta a-yi-a-gama. Ya ce a sa ram biyu masu giga sha shida-sha shida, a cire ƙaramar fankar a ɗora babba mai ƙarfe. Na ce bismillah. Tare muka shiga gari muka sayo kayan sababbi a kwalinsu, na gani da idona.

Ranar da ya haɗa, tun a nan na fara ganin abin da bai yi mini ba. Na farko, ya yage takardar garantin da ke manne a bayan akwatin, ko tambayata bai yi ba, alhali akwai sauran wata huɗu. Da na yi magana ya ce ai ba yadda za a buɗe ba a yage ba, ya zaci na sani. Ya zaci! Na biyu, da ya gama ɗora babbar fankar, sai murfin gefen akwatin ya ƙi rufuwa, wai fankar ta yi tsayi. Mutumin da ya shekara ashirin yana wannan sana'a bai san ya auna ba kafin mu saya? Sai ya yi 'yar dariya ya ce in bar gefen a buɗe na sati biyu ko uku, zai nemo gajeriya ya musanya, ai ma a buɗen ta fi shan iska.

Hajiya, ki ji fa. A buɗe, a Dei-Dei. Wurin da tireloli ke sauke siminti daga safe har yamma, wurin da idan ka share tebur ka juya baya sai ka iya rubuta sunanka a kai. Ni mutum ne mai adana kaya, haka mahaifina ya tarbiyyantar da mu. Kujerun ofishina shekara shida ke nan ledarsu tana jiki. Rimot ɗin esi, a leda yake. Kujerun motata ban taɓa cire musu ledar kamfani ba, kuma ki zo ki gani, kamar jiya aka sauke ta. Nicholas kan yi mini ba'a a kan wannan, shi ya laƙaba mini Alhaji Leda har sunan ya bi filaza, ina dariya ne kawai amma ba ya yi mini daɗi. To irina ne zai bar cikin kwamfuta a waje, wayoyi tsirara, siminti yana sauka a kai?

Saboda haka na yi abin da duk mai hankali zai yi. Na je wurin mai katifa na filazarmu na karɓo leda mai kauri, na naɗe akwatin gaba ɗaya, gaba da baya da gefe, na bi da salatif na liƙe ko'ina, na bar 'yar ƙofa a baya daidai fitar wayoyi. Ko ƙwayar ƙura ɗaya ba za ta shiga ba. Na ɗora rigar karan-miski da Hafsah ta ɗinka mata tun tana sabuwa, wadda a da sai an tashi aiki nake sa mata, yanzu na bar ta a kai dindindin tunda gefe a buɗe yake. Sannan na tura ta cikin kabad ɗin teburina na rufe ƙofa. Na faɗa miki wannan ne don ki san ta ɓangarena babu sakaci, ba wanda ya kai ni kula da na'urar nan.

Washegari na kunna, na sa ta fitar da hoton wani gida mai hawa biyu. Minti goma na farko gudu take kamar me, har na ce a raina Nicholas ya iya aiki. Ba a yi minti ashirin ba sai fankar ta ɗau kuka, abu ya fara tsaitsayawa, sai ɗif, ta mutu. Ba a ɗauke wuta ba, esi yana aiki, fitila tana ci. Na sake kunnawa, wannan karon ko minti goma ba ta yi ba. Ga wani wari kamar na roba mai ƙonewa yana fitowa daga kabad. Wani abokin aikina ya turo mini manhajar auna zafi, na sa, na ga furosesa tana kai digiri casa'in da tara kafin ta mutu. Da tsohuwar ƙaramar fankar ba ta taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya. Yanzu an sa babba, an ce ta fi, ga abin da ta haifar.

Na kwance ledar, na ninke, na ɗauki kwamfutar na sauka da ita shagonsa. Ban gaya masa maganar leda ba, don ba huruminsa ba ne, kuma na san abin da zai biyo baya: ya tara mutane a yi ta Alhaji Leda. Ya ɗora ta a kan bencinsa, ya sa aikin nan dai da ta mutu a kai. Hajiya, awa huɗu tana yi, ko tari ba ta yi ba. Zafi bai wuce saba'in da 'yan kai ba. Ya ce lafiyarta ƙalau, ko soket ɗina ne. Na mayar da ita sama, na naɗe ta yadda take, na sa a kabad, na canza soket. Minti ashirin, ɗif.

Sau uku muna wannan hawa da sauka. A shagonsa ta yi aiki, a ofishina ta mutu. A na ukun na ja kujera na zauna a gabansa na zuba masa ido tun ƙarfe goma, ban motsa ba sai da aka kira azahar na tafi masallaci, minti goma sha biyar na dawo. Na ɗauke ta na hau, ta mutu. A nan ne Allah ya buɗe mini ido. Ashe mutumin nan yana da kaya masu kyau da yake sawa idan ana gwaji, da zarar na ba da baya sai ya zare ya mayar da na jabu, nawa sababbin kuma ya sayar wa wani. Lokacin sallata ma ya zaɓa ya cuce ni. 

Kuma ina da hujja. A jikin kwalin ram ɗin da muka sayo an rubuta gudunsa dubu uku da ɗari biyu. Na shiga cikin kwamfutar na duba, dubu biyu da ɗari shida da sittin da shida take nunawa. Ina sauran ya tafi? Da na nuna masa sai ya fara kwana-kwana, wai a irin waɗannan kwamfutocin kamfani, babban allon ciki da ake dasa ram a kansa a kulle yake, ba ya barin ram ya kai iyakarsa. In haka ne me ya hana shi faɗa tun a kasuwa? Ya ce in bar shi ya hau ofishina ya ga inda nake ajiye ta da idonsa. Sau biyu yana roƙon haka. Na ce ƙafarsa ba za ta sake taka ofishina ba, ya je ya ƙara zare wani abin?

Abin da ya tunzura ni har na fasa ƙwai shi ne ranar Talatar da ta wuce. Wani babban ɗan kwangila ya zo da abokan hulɗarsa biyu daga Gwarimpa don su ga hoton rukunin gidajen da na zana. Suna zaune, na kunna, ta mutu a gabansu. Na sake, ta sake. Mutumin ya miƙe ya gyara hula ya ce zai neme ni, har yau bai neme ni ba. Suna fita na sauka shagon Nicholas, a gaban kwastomominsa na yi masa tatas, na kira shi ɓarawo da babbar murya har masu siminti suka taru. Shi kuwa sai rantsuwa yake ta yi, idonsa ya yi ja. Daga nan na yi saƙon murya na minti bakwai na tura guruf ɗin 'yan filaza, mutum sama da ɗari da hamsin, na ce kowa ya yi hattara da shi.

Yanzu magana tana gaban ƙungiyar 'yan filaza. Dokarmu a rubuce take: duk mai gyaran da aka kama da musanya kayan kwastoma, za a sa wa shagonsa kwaɗo, kuma ba zai sake kama haya a filazar ba. Ciyaman ɗinmu, Alhaji Saleh, ya sa zama ranar Asabar bayan la'asar. Tun daga ranar da na tura saƙon ban ga mutum ɗaya ya shiga shagon Nicholas da kwamfuta ba, wasu ma sun zo sun karɓe nasu ba a gama ba. Jiya na hango shi yana zuba kayan aikinsa a kwali. Justina ta daina gaishe ni, ta kan kawar da kai idan na wuce, wai ita ce mai fushi. Hafsah ta ce in yi a hankali, na ce ta tsaya a ɗinkinta.

Abin da nake so a wurinki biyu ne. Ki rubuto mini bayanin zambar nan dalla-dalla da sunayen kayan na Turanci, yadda idan na miƙe a gaban ƙungiya ba zai ruɗa mutane da kalmomin sana'arsa ba. Sannan ki faɗa mini, in haɗa da 'yan sanda tun yanzu ko in jira a rufe shagon tukuna? Kada ki ce in yi haƙuri, na ji wannan har na gaji.

Naku,
Wanda Aka Ci Amanarsa, Dei-Dei


Wa alaikumus salam, Malam.

Na roƙi edita ya tsallake wasiƙu uku ya sa taka a wannan makon saboda Asabar ɗin da ka ambata. Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Bayanin zambar da ka nema ma ba zan rubuta ba, don na karanta wasiƙarka sau uku ban ga zamba ba. Abin da na gani shi ne mutumin da ya shaƙe kwamfutarsa da hannunsa, sannan ya sauka ƙasa ya kira maƙwabcinsa ɓarawo.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, Malam. Aikinta ta jawo iska mai sanyi daga waje, ta bi da ita ta kan ƙarfen da ya kwashi zafin furosesa, ta tura mai zafin waje. Idan babu ƙofar shiga babu ta fita, iskar nan ɗaya za ta yi ta juyawa tana ƙara zafi, komai girman fankar. Ka tuna motarka idan ta wuni a rana a watan Maris, gilasai a rufe. Ka shiga ka kunna 'yar fanka a ciki ka ga ko za ka yi minti ashirin. Kai kuwa leda mai kauri ka sa, ka bi da salatif, ka ɗora karan-miski, ka rufe kabad. Sanyin esi ɗinka ko kusa da ita bai je ba. Mutuwar da take yi a digiri casa'in da tara dabara ce da aka gina mata, tana kashe kanta ne don kada ta ƙone. Warin robar da ka ji kuma, ina kyautata zaton ledarka ce ke laushi a bakin inda zafi ke neman fita. Ka gode wa Allah wuta ba ta tashi a kabad ɗin nan ba, a filazar da ke da mai katifa.

Ka ce sau uku tana aiki a shagonsa tana mutuwa a ofishinka. Ka tambayi kanka abin da ke canzawa tsakanin hawa da sauka. Da bakinka ka faɗa: kana kwance leda kafin ka sauka, kana mayarwa idan ka hau. Mutumin nan ya roƙe ka sau biyu ya zo ya ga inda kake ajiye ta, don duk mai gyaran da ya san aikinsa nan tunaninsa zai je. Da ka bar shi ya hau, da kallo ɗaya ya gama maganar. Ka hana shi, ka kuma ɓoye masa abu ɗayan da yake buƙatar sani, saboda kana gudun a ce maka Alhaji Leda.

Maganar gudun ram kuma, abin da ya faɗa maka gaskiya ne. Da yawa daga kwamfutocin da kamfani ke haɗowa, babban allonsu ba ya ba da damar ɗaga gudun ram zuwa abin da aka rubuta a kwali, sai ya tsayar da shi a inda ya ga dama. Wannan bambancin ba ya kashe kwamfuta, kuma a aikinka da kyar za ka ji shi. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, a jikin kowane ram akwai 'yar takarda mai suna da lambobi. Ka gwada su da na jikin kwalin da kuka sayo tare. Aikin minti biyar ne, kuma ya kamata ka yi shi kafin ka yi saƙon minti bakwai.

Ba na cewa Nicholas ba shi da nasa laifin. Yana da shi, har guda uku. Bai kamata ya yage takardar garanti ba sai ya faɗa maka ƙarara abin da za ka rasa ka amince, zato ba ya wadatarwa a nan. Bai kamata ya sayi fanka ba tare da ya auna faɗin akwatin ba, wannan ganganci ne, kuma duk mai taɓa kwamfutar kamfani ya san akwatunansu a matse suke. Ya kuma kamata ya yi maka bayanin gudun ram tun a kasuwa. Ba'ar da yake maka ma, tunda tana yi maka ciwo, kana da damar ce masa ya bari. Tsoronka na ƙurar siminti kuma ba shirme ba ne, tana toshe fanka tana cin na'ura. Duk waɗannan abubuwa ne da za ka zaunar da shi ka faɗa masa, ya musanya fankar da gajeriya kamar yadda ya yi alkawari. Babu ɗaya a cikinsu da ake kira sata, babu wanda ake rufe wa mutum shago a kansa.

Ga abin da za ka yi yau, ba gobe ba. Ka kwafe zane-zanenka a wani wuri daban tukuna, don na'urar da ta sha irin wannan zafi ba a yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ka cire ledar da salatif da rigar, ka fito da ita daga kabad ka ɗora a kan tebur, ka bar mata tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga bango. Ka kira Alhaji Saleh ya zauna a ofishinka, ka sa aikin nan da ta saba mutuwa a kai, ku zuba wa ma'aunin zafi ido. Idan ta mutu a buɗe, ka rubuto mini, zan nemi afuwarka a wannan shafin da sunana. Ban yi zaton za ka rubuto ba.

Game da ƙura, maganinta gajeriyar fanka da za ta bar murfi ya rufu, da 'yar raga mai laushi a bakin kafofin shan iska, wadda za ka riƙa cirewa kana kakkaɓewa. Kada ka ajiye ta a ƙasa. Duk wata a hure cikinta da abin hura iska, a kashe, a cire waya. Rigar da Hafsah ta ɗinka tana da amfaninta: bayan ka kashe na'ura ta huce, ka rufa mata, da safe ka cire kafin ka kunna. Kujerunka da rimot ɗinka kuwa ka bar su a ledarsu har jikoki, ba ruwana, su ba sa numfashi.

'Yan sanda kuma ka cire su daga ranka, ka ma yi addu'a shi kada ya tuna da su. Kai ne ka ɓata sunan mutum a gaban mutum ɗari da hamsin ba tare da hujja ba.

Akwai layi ɗaya a wasiƙarka da ya tsaya mini a rai, inda ka ce lokacin sallarka ya zaɓa ya cuce ka. Shekara goma sha huɗu, kullum azahar da la'asar, makullinka yana hannun mutumin nan. Kwana arba'in kana Funtuwa kana makokin mahaifiyarka, ofishinka da duk abin da ke ciki suna hannunsa, ka dawo ba ka ce ko biro ya ɓata ba. Yau ka yarda cewa wannan mutumin ne ya jira ka tafi masallaci don ya zare maka ram. Ka fi ni sanin abin da addininmu ya ce a kan ƙazafi. Na san ka rasa babban aiki kuma ka ji kunya a gaban baƙi, wannan da ciwo. Amma kai aiki ɗaya ka rasa, shi kuwa yana zuba shekara ashirin a kwali.

Saboda haka idan gwajin ya nuna abin da na san zai nuna, kada ka jira zaman Asabar, kuma kada ka aika Alhaji Saleh ya ba da haƙuri a madadinka. Ka sauka da ƙafarka, a lokacin da masu siminti suke nan kamar ranar da ka tara su, ka faɗa da muryar da ka kira shi ɓarawo cewa kai ne ka yi kuskure. Ka koma guruf ɗin nan ka yi sabon saƙo da bakinka, ka faɗi maganar leda ba tare da ka rage komai ba, ka nemi waɗanda suka kwashe kwamfutocinsu su mayar masa. Ka janye ƙararka a rubuce. Ka tsaya a bakin get ka ba Justina haƙuri ita ma, ka kuma ce wa Hafsah ta fi ka gaskiya.

Za a yi maka dariya, ba zan ruɗe ka ba. Sunan Alhaji Leda zai bi ka har kasuwar dabbobi, wataƙila har ƙarshen rayuwarka. Ka ɗauka. Saboda gudun wannan sunan ka bari aka manna wa wani sunan ɓarawo, kuma nasa ya fi naka wuyar cirewa. Zai yiwu ya yafe maka, zai yiwu ya karɓi haƙurin amma ya ce ka nemi wani mai riƙe maka makulli. Wannan nasa ne, ba ka da ta cewa. Naka shi ne ka tabbatar kwaɗo bai hau ƙofar shagonsa ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya mayar maka da aikin da ka rasa da wanda ya fi shi, ya kuma sa ka riski Nicholas kafin ya gama ɗaure kwalayensa. Tashi ka ɗauko almakashi ka farke ledar nan.

Taku,
Zakiyya